Babi na Shida: Tattalin Batir Tun da Safe

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Kankiya, ya kuma san dogayen turakun lantarkin da ke ratsa gonakin wannan yanki. Layin da ke ɗauko wuta daga Kano zuwa Katsina, mai ƙarfin kilobolt 132, yana yada zango a tashar Kankiya, daga nan kamfanin KEDCO ke rarraba ta ga garuruwan da ke kewaye. A watan Yulin 2016, lokacin da aka sa hannu kan yarjejeniyar sayen wutar sola tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanoni 14, ɗaya daga cikinsu, Pan Africa Solar, a Kankiya ya zaɓi kafa tasharsa mai megawat 75. Taƙaddamar farashi da ta lamuni ta riƙe waɗannan ayyuka shekara da shekaru. Wuta na bi ta saman garin, amma mutanen Kankiya da na Kusada, musamman na ƙauyukan da ke nesa da kwalta, har yau da lissafin caji suke kwana, da shi suke tashi.

A ƙarshen Oktoban 2024 lissafin ya shafi kowa. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka jingina da shi, ya faɗi. Yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. A kwanakin nan aka ga bambanci tsakanin wanda ya san na'urarsa da wanda bai san ta ba. Mutum biyu na riƙe da kwamfutar hannu iri ɗaya, wannan caji ɗaya ya kai shi kwana uku, wancan kullum yana bakin shagon mai caji yana cewa, "Malam, a taimaka a sa mini ita ko rabi ta samu."

Kwamfutar hannu, faffaɗar na'urar nan da ake shafawa da yatsa, wadda ta fi waya girma amma ba ta kai ta tafi-da-gidanka ba, ta daɗe da shiga wannan yanki, kuma yawanci ta ƙofar aiki ta shigo. Ɗaliban Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya suna tara littattafansu a ciki. Yaran da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, a kanta suke gwajin tsofaffin tambayoyi. Masu sa ido kan rigakafi suna cika fom a ciki. Malamin Islamiyya yana buɗe tafsiri da littattafan fiƙihu. Ma'aikatan zaɓe sun riƙe irinta a 2023. Dukansu abu guda ke damunsu da la'asar: batir.

Kafin mu shiga saituka, bari mu auna abin da ke cikin batirin. Matsakaiciyar kwamfutar hannu tana ɗauke da batir mai kusan miliamfa 7,000, a kan bolt 3.8. Idan aka ninka su, za a samu wajen wat 27 na awa guda. Ko da farashin wuta mafi tsada da hukumar NERC ta ƙayyade a Afrilun 2024, naira 225 a kan kowane yunit ga masu rukunin A, cika wannan batir bai kai naira goma ba. Wutar kanta ba ta da tsada. Samunta ne ke da tsada: tafiya zuwa shagon caji, kuɗin fetur ɗin janareta da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafi a Mayun 2023, awa uku ko huɗu da na'urar za ta yi a hannun wani, da haɗarin a musanya maka caja ko wuta mai hauhawa ta ƙona ta. Saboda haka idan ina maganar tattalin batir, ba naira goma nake nufi ba. Ina nufin wunin aiki.

Injiniyoyin da suka tsara waɗannan na'urori a Kalifoniya da Koriya ta Kudu da Shenzhen sun ɗora tsarinsu a kan zato guda: mai na'ura zai jona ta a bango kowane dare. Shi ya sa na'urar ke yin shiru har sai batir ya sauko zuwa kashi 20 ko 15 cikin ɗari, sannan ta tambaye ka ko a kunna yanayin tattali. An tsara ragowar ne don ta kai mutum gida, inda soket ke jiransa. A ƙauyen da ke cikin Kusada, inda caji sai ranar kasuwa ko sai an shiga gari, kashi 15 ba ya kai mutum ko'ina. Magidancin da ya san ciwon kansa tun ranar da ya rufe rumbu yake ƙayyade mudun da za a riƙa ɗiba, ba ya jira sai bazara ta nuna masa gindin rumbun. Haka batir yake. Wanda ya kunna tattali a kashi 100 ya rage cin wuta a kan dukan cajin. Wanda ya jira kashi 15 ya rage shi a kan ɗan abin da ya saura kawai.

Don haka zaɓin na mai na'ura ne, kuma da safe ake yin sa, bayan ya amsa wa kansa tambaya biyu. Yaushe zan sake samun wuta? Wane aiki ne ba zan yarda ya tsaya ba yau? Tambaya ta biyun ce mutane ke tsallakewa, alhali kowane yanayin tattali wani abu yake yankewa kafin ya ba ka ƙarin awanni. Babu wanda ke ba da su kyauta.

Fuskar na'ura

Na fara da fuska domin ita ce babbar mai cin wuta, kuma a kwamfutar hannu abin ya fi tsanani saboda faɗinta. Yawancin masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a kasuwanninmu, na Tecno da Itel da ƙananan Samsung da Lenovo, suna da fuska irin ta LCD. A bayanta akwai fitila da ke ci muddin fuskar na kunne, ko fari take nunawa ko baƙi. Wannan ne ya sa shawarar nan da ta yaɗu, cewa a mayar da fuska baƙa don a rage cin batir, ba ta aiki a kan irin waɗannan. Baƙar fuska, wadda Android ta shigar a tsarinta na 10 a 2019, tana rage cin wuta ne a fuskar OLED, inda kowane ɗigo ke haskaka kansa, baƙin ɗigo kuma a kashe yake. Mai LCD na iya zaɓar baƙi don idonsa ya huta da dare, amma kada ya sa ran ƙarin caji.

Abin da ke aiki a kan kowace fuska shi ne rage hasken. Kuma a nan ranarmu ke shiga lissafi. Idan aka bar na'ura ta riƙa daidaita haskenta da kanta, aka fito da ita tsakar rana a watan Afrilu, za ta ture hasken har ƙarshe don a iya ganin rubutu, ta ɗau zafi, batirin ya riƙa zuba. Matsawa inuwar bedi ko shiga zaure kafin a cika fom ya fi kowane saiti tasiri. Sai kuma tsawon lokacin da fuska ke jira kafin ta mutu da kanta. Mutum ya ajiye na'ura yana gaisawa da mai unguwa, ana tambayar iyali da gona da dabbobi, fuska na ci minti biyar ko goma a banza. A mayar da shi daƙiƙa 30, ko dai a saba da danna maɓallin gefe duk lokacin da za a ajiye ta.

Barci, kashewa, da abin da ke tsakaninsu

Idan ka danna maɓallin nan fuska ta yi duhu, na'urar ba ta mutu ba, barci ta shiga. Ana ci gaba da ba ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi 'yar wuta kaɗan don ta riƙe abin da kake yi, shi ya sa take dawowa nan take a daidai layin da ka tsaya. Tun daga Android 6 a 2015 aka ƙara wani tsari mai suna Doze: idan na'ura ba ta jone da caji, fuskarta a kashe, kuma tana ajiye ba motsi, sai ta hana manhajoji taɓa intanet, ta riƙa buɗe musu ƙofa na ɗan lokaci jefi-jefi, tazarar na ƙara tsawo yayin da barcin ke nisa. A Android 7, shekara guda bayan haka, aka kawo sassauƙan nau'insa da ke aiki ko na'urar na cikin jaka ana tafiya. Na'ura mai lafiya da ke barci irin wannan kaɗan take ci a dare guda. Idan taka na kwana da kashi 80 ta wayi gari da 50, akwai abin da ke hana ta barci, kuma shafin batir da ke cikin saiti zai nuna maka sunan manhajar.

Kashewa gaba ɗaya ita ce ƙarshen tattali, don batirin da ba a taɓa shi kaɗan yake rasawa a wata. Sai dai tayar da na'ura daga mutuwa aiki ne mai nauyi: minti ɗaya ko biyu tana loda komai daga farko, kowace manhaja na miƙewa tana neman intanet. Wanda ke kashewa yana kunnawa duk bayan rabin awa ya fi wanda ya bar ta tana barci asara. Ra'ayina a nan mai sauƙi ne. Tazarar da ba ta wuce awa biyu ko uku ba, barci. Daga isha'i zuwa safiya, ko wunin da ba za a taɓa ta ba, a kashe. Wanda ya dogara da ita wajen tashin asuba ya sani yawancinsu ba sa ƙara idan suna kashe, ko da yake wasu na da saitin da ke kashe su ya kuma kunna su a lokacin da aka zaɓa, kuma wannan saiti ya cancanci a neme shi.

Masu kwamfutar hannu da ke aiki da Windows, irin su Surface, suna da zaɓi na uku, wato dogon barci. A nan na'urar na kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ta rubuta shi a ma'ajiyarta ta dindindin, sannan ta yanke wuta baki ɗaya. Tashinta ya fi na gajeren barci jinkiri, amma ba ta cin komai, kuma takardun da ka bari a buɗe a buɗe za ka same su. Ga ma'aikacin ofis da ba shi da tabbacin wuta gobe, dogon barci ya fi. Android da iPad ba su ba mai amfani wannan zaɓi ba, kada a ɓata lokaci wajen nemansa.

Sabis

Ga abin da mazaunin birni bai cika lura da shi ba. Na'urar da ke da layi a ciki tana magana da turken sadarwa ba dare ba rana, kuma ƙarfin da take amfani da shi ya danganta da nisan turken. Kusa da shi, kaɗan ya isa. Idan sabis ya koma sanda ɗaya, sai ta ƙara ƙarfi. Idan ya ɗauke ɗungurungum, sai ta shiga lalube, daga 4G ta faɗa 3G, ta faɗa 2G, ta sake komowa. Mai tafiya a babur daga Kankiya zuwa ƙauyukan da ke wajen Ingawa ko Matazu, na'ura na cikin jaka bai taɓa ta ba, zai iya isa ya tarar ta yi ɗumi, caji ya ragu. Laluben nan ne ya ci shi.

Maganinsa ɗan hoton jirgin sama da ke saman fuska. Danna shi na yanke layi da Wi-Fi da Bluetooth a lokaci guda. A wurin da ba sabis, ba abin da ka rasa, tun da dama ba mai iya samunka. A ganina, ga mai aiki a karkara, wannan ne yanayin tattali mafi amfani duka, ko da yake ba a jera shi a shafin batir. Littafin da aka sauke, Alƙur'anin da ke cikin na'ura, tambayoyin JAMB da aka ajiye, fom ɗin manhajojin ODK da KoboToolbox, duk suna aiki ba intanet. Har ma'aunin wuri na GPS yana aiki a yanayin jirgin sama, domin shi saurare kawai yake yi daga tauraron ɗan'adam, ba ya aika komai. Abin da zai canza shi ne ya kan ɗan jima kafin ya kama wuri a karon farko, musamman a cikin ɗaki mai rufin kwano. A fito fili a ba shi minti ɗaya. Da yamma, in an iso inda sabis ke da ƙarfi, a buɗe layi, a tura komai lokaci guda, a sake rufewa.

Abin da tattali ke yankewa

Yanzu mu zo kan maɓallin da ke ɗauke da sunan tattalin batir. Android ta shigar da shi a tsarinta na 5 a 2014. Apple ta kawo nata a iPhone a 2015, bai iso iPad ba sai 2021, inda hoton batir ke komawa ruwan ɗorawa idan an kunna shi. Sunaye sun bambanta, aikin kusan ɗaya ne: a rage hasken fuska, a rage gudun injin na'ura, a hana manhajoji aiki a bayan fage, a jinkirta duba saƙonni, a taƙaita amfani da ma'aunin wuri idan fuska na kashe. Samsung ma tana nuna maka a fili cewa za ta tsayar da gudun injin a kashi 70 cikin ɗari. Ga mai karatu, mai rubutu, mai sauraron karatun da ya riga ya sauke, ba zai ji wani bambanci ba. Irin wannan mutum ban ga dalilin da zai sa ya taɓa kashe wannan yanayi ba. Ya kunna shi tun batir na cike, ya kuma cire alamar da ke sa shi ya kashe kansa idan caji ya hau.

Amma a sake duba jerin. Hana aiki a bayan fage da taƙaita ma'aunin wuri, ga wasu mutane, su ne ainihin aikin. A yaƙin da aka yi da shan inna a Arewa, wanda ya kai ga ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agustan 2020, an riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu ɗaukar sawun tafiyarsu ta GPS, don a gane unguwar da aka shiga da rugar da aka tsallake. Irin wannan manhaja tana aiki ne fuska a kashe, na'ura a cikin jaka. Idan yanayin tattali ya dakatar da ita, ma'aikaciya za ta taka gari tun safe har azahar, ƙafa ta yi futu-futu, taswira kuma ta nuna kamar ba ta je ko'ina ba. Haka fom ɗin da aka danna masa "tura" aka rufe fuska nan da nan, yana iya maƙalewa har sai an sake buɗe manhajar. Haka manhajar kiran salla da aka sauke daga intanet: agogon da ya zo da na'ura yana da izinin farkar da ita, amma ita baƙuwa ce, tana iya makara ko ta yi shiru.

Wannan ba dalilin gudun tattali ba ne. A cikin saitin batir akwai inda ake ware manhaja ɗaya ko biyu a ce kada a taƙaita su. A ware wadda aikin yini ya rataya a kanta, a bar sauran a ɗaure. Ya kamata a koyar da wannan a duk horon da ake ba ma'aikatan wucin gadi kafin a tura su ƙauye, kuma minti biyar ya isa. Ina jin takaici idan na ga an kwashe yini ana nuna wa matasa yadda za su cika fom, ba a ce musu komai ba game da abin da zai sa fom ɗin ya isa inda aka aika shi.

Akwai mataki na can ƙarshe, matsanancin tattali, wanda Samsung ta shahara da shi tun wayar Galaxy S5 a 2014, wasu kamfanoni suka bi sahu. Shi yana rufe komai ya bar maka manhajoji 'yan kaɗan. A waya yana da ma'ana, don kira da saƙo su ne ranta. A kwamfutar hannu, wadda aka saya don karatu ko aiki, amfaninsa kaɗan ne. Idan abin ya kai haka, gara a kashe ta.

Darasin ranar zaɓe

Na'urar BVAS da hukumar INEC ta yi amfani da ita a zaɓukan 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023 ta nuna yadda aikin yini ke rarrabuwa ba daidai ba. An kai ta rumfunan mazaɓar tarayya ta Kankiya, Ingawa da Kusada kamar yadda aka kai ta sauran rumfuna fiye da 176,000 na ƙasar. Daga ƙarfe takwas da rabi na safe tana tantance masu zaɓe da zanen yatsa ko hoton fuska, aikin da ba ya bukatar intanet amma yana riƙe fuska da kyamara a kunne a fili, sau da yawa cikin rana. Aikin da ya fi muhimmanci kuwa sai a ƙarshe yake zuwa: bayan an ƙirga ƙuri'u, a ɗauki hoton takardar sakamako a tura ta shafin IReV, wani lokaci bayan magariba, wani lokaci sai an nemi inda sabis yake. Turawa a sabis mai rauni na daga cikin abubuwan da suka fi cin batir, kuma tana faɗowa daidai lokacin da ya fi ƙaranci.

Na'urar hukuma tana da ƙa'idojinta, kuma mai riƙe da ita umarnin horonsa zai bi. Amma tsarin yinin ya shafi kowa. Mai ƙidaya, mai raba taki, malamin gona, mai rajistar marasa lafiya, duk a ƙarshen yini suke tura aikinsu. Sai mutum ya ware wa wannan ƙarshen rabonsa tun da safe, ya ce kashi 25 ko 30 na ƙasa ba nawa ba ne, na turawa ne. In allura ta kusa nan aiki bai ƙare ba, a rage haske, a rufe layi, a koma takarda da biro in da hali.

Fawabank na taimakawa, amma a san gaskiyar lambar da ke jikinta. Mai miliamfa 10,000 ba ta zuba 10,000 a na'urarka, domin ana asara wajen ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 5 da sake sauke shi. Kusan kashi biyu cikin uku ke isa, wato da ƙyar ta cika matsakaiciyar kwamfutar hannu sau ɗaya. Wannan ma idan lambar ta gaskiya ce.

Manhajojin da ake tallatawa da sunan masu gyara batir ko masu sanyaya na'ura kuwa, a goge su. Ba su da ikon da ya wuce na tsarin da ya zo da na'urar, kuma tallace-tallacen da suke saukewa suna cin data da caji. Yawan share manhajojin da ke buɗe da yatsa shi ma ba ya ƙara komai, don tayar da su daga farko ya fi barinsu a daskare cin wuta.

Zafi da tsufan batir

Duk abin da ya gabata kan cajin yau ne. Akwai kuma lafiyar batirin kansa, wadda ake aunawa da shekaru. Batirin lithiyam, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, yana da maƙiya uku: zafi, daɗewa a cike taf, da daɗewa a ƙarƙaf. Apple ta ce na'urorinta su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Katsina, a Afrilu da Mayu, zafin inuwa kan haye 40. Na'urar da ake caji a shagon kwano tsakar rana, a tsakiyar tarin wayoyi, janareta na huci a gefe, tana tsufa da wuri ba tare da mai ita ya sani ba. Wanda ke da zaɓi ya kai caji da sassafe ko da dare, ya cire mata rigar roba, kada ya yi amfani da ita tana caji, kada ya bar ta a gaban mota ko ƙarƙashin matashi.

Wasu na'urori na da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85 don kare batir, kuma masana na yaba shi. A nan ma sai a duba wa aka yi wa shawarar. Kwamfutar hannun da ke zaune a teburin asibiti ko shago mai sola, jone da wuta yawancin yini, a kunna mata wannan saiti, zai ƙara mata shekaru. Wanda kuwa zai bar gari ya kwana biyu a ƙauye, ya cika ta taf, ba tare da jin ya yi laifi ba. Cikawar da za a fara amfani da ita nan da awa guda ba ta kai illar barin na'ura ta mutu murus a tsakiyar aiki ba. Idan bayan na'urar ya fara kumbura ko fuskarta ta ɗago daga jiki, a daina caji nan take, a kai wa mai gyara. Batirin da ya kumbura na iya kamawa da wuta.

Saura na'urorin da ba sa hannun kowa. Ƙidayar jama'a da aka shirya yi a Mayun 2023, wadda za ta zama ta farko da za a yi da na'urorin hannu tun bayan ta takarda ta 2006, an ɗage ta bayan an riga an tanadi na'urori masu yawa. Haka shirye-shiryen lafiya da na noma da na ilimi ke raba kwamfutocin hannu, a yi aikin mako biyu, a mayar da su kwali har zagaye na gaba. Batirin da aka ajiye a ƙarƙaf na ci gaba da zubewa a hankali har ya faɗa ƙasa da inda caja za ta iya tayar da shi, wanda aka ajiye a cike a ɗaki mai zafi kuma yana rasa ƙarfinsa. Duk mai riƙe da makullin sito, a sakatariyar ƙaramar hukuma ne ko a makaranta, ya kai kowace na'ura kusan kashi 50, ya kashe ta gaba ɗaya, ya ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi nesa da rufin kwano, ya rubuta kwanan wata a jikin kwalin, sannan duk bayan wata shida ya fito da su ya mayar da cajin rabi.